Safiyya Binzagr: Matar da ta adana tsohuwar Jidda da buroshi da fenti

Ranar Alhamis 12 ga watan Satumba na shekarar 2024 ne Allah Ya karɓi ran Malama Safiyya bint Sa'id Binzagr, tana da shekara 84 a duniya. Jaridun ƙasar nan na Larabci da na Turanci sun cika shafukansu da ta'aziyya, inda da yawa suka riƙa kiranta uwar masu zane ta Saudiyya. To amma a majalisunmu na Hausawa, daga nan Aziziyya har zuwa Makka da Madina, da wuya ka ji an ambaci sunanta, balle a yi maganar aikin da ta shafe fiye da shekara 50 tana yi a cikin garin da muke kwana muke tashi.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu kawo wa masu karatu tarihin wannan baiwar Allah, mai zane kuma malama. Dalilinmu shi ne, abin da ya dame ta har ta ɗauki buroshi, wato ganin rayuwar mutanenta tana ɓacewa ba tare da an ajiye ko inuwarta ba, shi ne abin da ke ƙofar gidanmu a yau.

Yarinya daga Haratush Sham

An haifi Safiyya a shekarar 1940 a unguwar Haratush Sham, cikin gidan Binzagr, ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen fatauci na Jidda. A wancan zamani, abin da muke kira Balad a yau shi ne garin gaba ɗaya, kewaye da ganuwa wadda aka gina tun farkon ƙarni na 16 don kare gari daga harin Turawan Fotugal. Unguwanni huɗu ne a cikin ganuwar: Haratush Sham, Haratul Mazlum, Haratul Yaman da Haratul Bahar. Gidajen dogaye ne, an gina su da dutsen murjani da ake haƙowa a bakin teku, kuma kowane gida yana da tagogin katako masu ado da ake kira rawashin, waɗanda ke shigo da iska, su tare rana, su kuma ba matan gida damar ganin titi ba tare da an gan su ba.

A shekarar 1947, tana 'yar shekara 7, iyalinta suka ƙaura zuwa Alƙahira. Idan mai karatu bai manta ba, makarantun gwamnati na 'ya'ya mata ba su fara a ƙasar nan ba sai 1960, kuma ko makarantar Darul Hanan da Sarauniya Iffat ta kafa a Jidda sai a tsakiyar shekarun 1950 ta samu. Saboda haka a Masar Safiyya ta yi karatunta har ta gama sakandare, daga nan aka tura ta Ingila ta ƙara 'yan shekaru.

Wani abin mamaki shi ne, a cikin wannan shekara ta 1947 da ta bar gari aka rushe ganuwar Jidda. Ke nan yarinyar ta fita ta bar gari mai ƙofofi, ta dawo a farkon shekarun 1960 tana budurwa ta tarar da wani gari daban. Kuɗin man fetur sun shigo, siminti ya maye gurbin dutsen murjani, manyan gidaje sun fara barin Balad suna komawa sababbin unguwanni ta arewa. Tufafin da kakanninta ke sawa sun koma cikin akwati, al'adun biki sun fara gajarcewa, sana'o'in da ta sani tana ƙarama kuma suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Hausawa na cewa idon baƙo ya fi na ɗan gari ganin abin da ya sauya. Waɗanda ke zaune ba su ankara ba, domin a hankali abin ya riƙa zame musu. Ita kuwa da ta yi shekara da shekaru a waje, lokaci guda ta ga girman asarar.

Baje kolin 1968

Safiyya ta koyi zane a hannun malamai masu zaman kansu a Alƙahira, ta kuma yi karatu a Makarantar Koyon Zane ta Saint Martin da ke Landan, inda ta ƙware a fasahar sassaƙa zane a kan farantin ƙarfe a buga shi a takarda. Amma koyon sana'a daban, samun inda za a nuna ta daban. A Jiddan wancan lokaci babu zauren baje kolin zane, hasali ma maza irin su marigayi Abdulhalim Radwi ba su daɗe da fara nuna aikinsu ga jama'a ba.

A shekarar 1968, ita da ƙawarta Munira Musalli, 'yar Makka, suka jera zane-zanensu a makarantar 'yan mata ta Darut Tarbiyal Hadisa da ke Jidda. Wannan shi ne baje kolin da masu tarihi ke lissafawa a matsayin na farko da mata suka yi a ƙasar nan. A tuna fa, shekara 8 kacal ke nan da fara makarantun gwamnati na mata, kuma har lokacin akwai iyayen da ba su yarda 'ya'yansu mata su riƙe alƙalami ba, balle buroshi. Ita ma Munira ta ci gaba da sana'ar har ƙarshen rayuwarta, ta rasu a 2019.

Shekara ɗaya bayan haka, wato a 1969, Safiyya ta yi zanen da ya fi kowanne suna a cikin aikinta, mai suna Zabun. Hoton wata mata ce Bahijaziya zaune cikin natsuwa da kamala, sanye da doguwar riga ruwan ɗorawa da ake kira zabun, kanta ɗaure da farin mihrama da mudawwara irin na matan Hijaz na dauri. Har ta kai wasu na yi wa zanen laƙabi da Monalizar Hijaz, suna kwatanta shi da shahararren zanen nan da ke birnin Paris. Ga masu tarihi kuwa, darajarsa ta wuce kyau kawai, domin duk wanda ke son sanin yadda ake ɗinka zabun, da yadda ake sa shi, da yadda ake naɗa ɗankwalinsa, zai gani a wurin dalla-dalla.

Bincike kafin buroshi

Abin da ya bambanta Malama Safiyya da sauran masu zane shi ne yadda take aikinta. Ba ta zama ta zana abin da ya faɗo mata a rai kawai. Sai ta fara zuwa wurin tsofaffin mata ta zauna da su, ta tambaye su yadda ake yin kaza a zamaninsu: wa ke zama a ina ranar biki, wane irin kaya amarya ke sawa a kowane dare, wace irin kwalliya ake yi mata. Ta nemo tsofaffin hotuna da littattafan matafiya, ta tattaro tufafi da kayan ado na ainihi, ta gwada wannan bayani da wancan. Sai ta gamsu sannan ta ɗauki fensir.

Da wannan hanya ta zana matakan bikin auren Hijaz, har da daren gumra, wanda ya yi kama ƙwarai da daren sa lalle a wurinmu. Ta zana wasannin yara a lungu, da masunta a bakin teku, da masu sana'o'in hannu, da kasuwanni, da gidajen Balad da rawashinsu. Ta zana Mahmal, wato rumfar nan mai ado da ake ɗorawa a kan raƙumi tana rako ayarin alhazan Masar a zamanin da, al'adar da ta riga ta zama tarihi. Daga baya ta faɗaɗa aikin ya wuce Hijaz, ta bi tufafin matan sauran sassan ƙasar, na birni da na ƙauye da na Badawiyyai, kowace ƙabila da irin ɗinkinta da launinta. Ta yi aiki da fentin mai, da fentin ruwa, da alli mai launi, da kuma bugun farantin ƙarfe.

Bugu da ƙari, ba ta bar hotunan su yi magana su kaɗai ba. A shekarar 1979 ta wallafa littafi da ya ƙunshi zane-zanenta tare da bayanin al'adar da ke cikin kowanne, sannan bayan kimanin shekara 20 ta sake fitar da wani da ya tattara tafiyarta ta shekara 30 da kayan gadon Saudiyya. Ta kai aikinta Landan da Paris da Janiba, a lokacin da mafi yawan Turawa ba su san komai game da ƙasar nan ba in ban da rijiyar mai da yashi.

Ranar da ta daina sayarwa

A shekarar 1973 ta yanke wata shawara da ba kowane mai sana'a zai iya ba: ta daina sayar da zane-zanenta. Hikimar a fili take. Idan wannan attajiri ya sayi daren gumra, wancan ya sayi ranar kai amarya, wani Bature kuma ya tafi ƙasarsu da hoton kasuwa, to labarin ya watse ke nan, kamar littafin da aka yayyaga aka raba wa mutane shafi-shafi. Gaskiya ne ta fito daga gidan wadata, ba ta dogara da zanen don cin abinci ba, kuma wannan dama ce da yawancin masu zane ba su da ita. To amma masu wadata nawa ne a garin nan da suka yi amfani da tasu damar ta wannan hanya?

Wannan shawara ce ta haifi Darat Safiyya Binzagr, gidan da ta kafa a 1995, aka kuma buɗe shi ga jama'a a shekarar 2000. A cikinsa ta jera zane-zanenta bisa tsari, ta ajiye tufafi da kayan adon da ta tattara, ta tanadi ɗakin karatu na littattafan fasaha, da ɗakin aikinta.

A nan ne kuma ɓangarenta na malanta ya bayyana sosai. Ta buɗe azuzuwan koyon zane ga mata da yara, ta riƙa shirya gasar zane ta ƙananan yara, da zaman laccoci inda mata ke haɗuwa su saurari masana su tattauna. Ita da ta rasa inda za ta koyi zane a garinsu sai da ta ƙetare teku, ta tabbatar 'yan bayanta sun samu a cikin Jidda. A shekarar 2017 Sarki Salman ya ba ta lambar girma ta Sarki Abdul'aziz mai daraja ta ɗaya. Kafin nan, a 2014, hukumar UNESCO ta sanya tsohuwar Jidda cikin jerin wuraren tarihi na duniya, wato gidajen nan da ta fara zanawa tun lokacin da mutane ke yi musu kallon kangaye.

Takwarorinta a wasu ƙasashe

Irin wannan damuwa ba a Hijaz kaɗai ta taɓa kama mace mai zane ba. A ƙasar Amurka an yi wata baƙar fata mai suna Lois Mailou Jones, wadda aka haifa a birnin Boston a 1905. Ta koyar da zane a Jami'ar Howard da ke Washington tun daga 1930 har 1977, shekara 47 ke nan cur. A zamaninta wariyar launin fata ta kai inda a 1941 sai da wata ƙawarta Bafaranshiya ta kai mata zanenta wurin gasa, domin ba a karɓar aikin baƙaƙe, kuma zanen ya ci kyauta. A shekarar 1970 ta zagaya ƙasashen Afirka 11, ciki har da Najeriya, tana ganawa da masu zane, tana ɗaukar hotunan aikinsu don ta kai wa ɗalibanta, jikokin bayin da aka raba da asalinsu, su ga inda suka fito. Ta rasu a 1998.

A ƙasar Hausa ma muna da misali, ko da yake da alƙalami aka yi shi. Tsakanin 1949 da 1950, wata Baturiya mai suna Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa a ƙasar Zazzau, Baba ta Karo, ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta, aka buga shi a 1954. Har gobe masu bincike na komawa ga wannan littafi idan suna son sanin yadda matan Hausa suka yi aure da goyo da zumunci kafin zuwan Turawa da bayansa. Da ba a zauna da Baba ba, da duk ta tafi da shi kabari.

Mu fa, wa ya zana namu?

Wannan ita ce tambayar da ta sa muka ɗauko tarihin Malama Safiyya. Zaman Hausawa a Hijaz ba na jiya ba ne. Kakanninmu sun yi ɗaruruwan shekaru suna taka sayyadarsu zuwa aikin Hajji, tafiyar da kan ɗauki shekaru, ana yada zango ana noma ana ƙwadago a hanya. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, jama'a masu yawa suka yi hijira gabas. Wasu suka zauna a Sudan tare da ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, wasu suka ƙetaro Bahar Maliya ta Sawakin suka sauka Jidda. A bayan ganuwar da aka haifi Safiyya a cikinta, akwai wata unguwar bukkoki ta mutanen Afirka ta Yamma da ake kira Nakatu. Mutanen irin waɗannan unguwanni suna cikin masu dakon kaya a tashar jirgin ruwa, da masu jan ruwa zuwa gidaje, da leburorin gini.

A yau sunayen Hausawi da Fallata da Barnawi ba baƙi ba ne a ƙasar nan. A gasar cin kofin duniya ta 2018, 'yan wasa uku masu sunan Hausawi ne a tawagar Saudiyya: Usama, Umar da Mu'utaz. Tsirenmu ya zama siriya, wanda Balarabe ke bin layi ya saya a Makka da Jidda. Amma a tambaye mu: ina hoton bukkokin Nakatu a hannunmu? Wa ya rubuta yadda kakanninmu mata ke yin kamu da wankan amarya a Jiddan shekarun 1950, da abin da suka riƙe na gida, da abin da suka aro wurin maƙwabtansu Larabawa? Ina aka ajiye zane saƙi da tasoshi da fantekar da suka ɗauko a ka tun daga Kano da Katsina da Damagaram?

Abin ya ƙara zama na gaggawa tun daga ƙarshen 2021 zuwa 2022, lokacin da aka rushe tsofaffin unguwanni da dama a Jidda domin sake tsarin birni, irin su Gulail, Bitrumin, Karantina, Sabil, Kandara da Hindawiyya. Hukuma ta bayyana dalilanta, kuma ba su ne batunmu a yau ba. Abin da ya shafe mu shi ne, a waɗannan lunguna ne da yawa daga cikin iyayenmu suka yi aure suka haifa suka aurar. Yanzu maƙwabtan shekara 40 sun watsu, wannan yana kudu wancan yana arewa, kuma tsohuwar da a da ake taruwa a ɗakinta bayan sallar Isha tana can a hawa na huɗu cikin wani bene, jikokinta kowa ya duƙufa a kan wayarsa, wasu ma Hausar ba ta zauna a bakinsu ba. Abin da ya sami Balad a zamanin Safiyya ya same mu, sai dai ita ta sami dutse da katakon da za ta koma ta kalla, mu kuwa abin da ya rage mana yana cikin kawunan tsofaffinmu ne kawai.

Abin da za mu iya yi

Mun san wasu za su ce batun zana hoton mai rai akwai maganar malamai a kansa, kuma da yawa daga cikin iyayenmu suna ƙaurace masa. Wannan fage ne na malamai, kowa ya tambayi wanda ya amince da iliminsa. Sai dai ko wanda ya ɗauki fatawa mafi tsauri yana da aiki mai yawa a gabansa, domin gida da lungu da masallaci da riga da kwano ba su da rai. Kuma zane ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Mu ne masu aska takwas a gaban babbar riga, mu ne masu dagi a bangon soro, mu ne masu zanen ƙwarya da zayyanar allo ranar saukar karatu. Hannun yana nan, sai dai a ba shi aiki.

Darasin farko daga Malama Safiyya shi ne a fara da tambaya. Ba sai mutum ya iya riƙe buroshi ba. Duk wanda ke da kaka ko gwaggo ko inna da ta haura shekara 70, ya zauna da ita, ya nemi izininta, ya kunna na'urar ɗaukar murya ta wayarsa. A tambaye ta garin da aka taso, da hanyar da aka biyo, da unguwar da aka fara sauka, da sunayen maƙwabta, da yadda aka yi bikinta. A ɗauko tsofaffin hotunan da ke cikin akwati a rubuta sunan kowa da shekara a bayansu tun akwai mai gane fuskokin.

Darasi na biyu shi ne kada a watsar. Idan tsohuwa ta rasu aka zo rabon kaya, a ware zane ɗaya, kwano ɗaya, takardar tafiya ɗaya, a ce wannan na tarihi ne. Ƙungiyoyinmu na zumunta da ke iya tara kuɗin biki da na jana'iza ba za su gaza samun ɗaki guda da za a adana irin waɗannan ba.

Na uku kuwa shi ne koyarwa. Yarinyar da ke cika bayan littafinta da zane, kada a kwaɗe mata hannu a ce tana ɓata takarda. A saya mata fensir da launi, a kai ta ta ga aikin magabata. Jidda ta sauya ƙwarai daga yadda take a 1968: an buɗe cibiyar fasaha ta Hayy Jameel a 2021, sannan a 2023 aka fara babban baje kolin fasahar Musulunci a tashar alhazai ta filin jirgin Sarki Abdul'aziz, rumfunan nan da dubban alhazanmu ke bi ta ƙarƙashinsu kowace shekara. Ƙofofin da Safiyya da Munira suka sha wuyar turawa yanzu a buɗe suke, kuma babu inda aka rubuta cewa 'yar Hausawi ba za ta shiga ba.

Malama Safiyya ta yi wa mutanenta nata, ta kuma yi shi da kyau. Ba a wuyanta yake ta zana mana kakanninmu ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tsofaffin da suka ga Jidda da ganuwarta saura ƙalilan, waɗanda suka zo da ƙafa ta Sudan kuwa sun fi su ƙaranci, kuma duk shekara raguwa suke yi.

Allah Ya jiƙan Safiyya bint Sa'id, Ya gafarta mata kurakuranta, Ya jiƙan magabatanmu da ke kwance a wannan ƙasa mai tsarki, mu kuma Ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bar mana, amin.